Annabi Ya Sayi Gona, Ya Kira Shaidu

Karatun yau: Irmiya 32:6-16
Ƙarin karatu: Farawa 23, Joshuwa 9:3-16, Fitowa 18:21



Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya ya san nauyin addu'ar nan: "Ubangiji, ka ba ni nawa." Shekara ta zagayo, mai gida ya ƙara kuɗi. Yara sun girma, ɗaki ya yi kaɗan. Wani ma a tsakiyar damina ake ba shi takardar tashi. Saboda haka muna azumi, muna kwana a majami'a, muna ɗaga hannu da ƙarfi idan fasto ya ce bana wani zai karɓi mabuɗin gidansa. Allah kuwa yana amsawa. Wani ya kwashi adashe, wani an biya shi kuɗin sallama bayan shekara 35 yana aikin gwamnati, wata ta karɓi rance daga ƙungiyar ma'aikata, wata ta sayar da masarar da ta daɗe tana tarawa.

Amma tsakanin kuɗin da ke hannunka da mabuɗin da kake roƙo, akwai mutum ɗaya a tsaye, shi ne dillali, wanda 'yan birni suke ce wa ejan. Shi zai nuna maka gida, shi zai gaya maka ko na wane ne, shi zai faɗi farashi, sau da yawa ma ta hannunsa kuɗin zai bi. In mai gaskiya ne, za ka yi barci a gidanka. In maƙaryaci ne, gumin shekara 20 zai tafi cikin yini ɗaya, shaidar da ka so ka bayar a gaban jama'a ta koma ƙara a gaban alƙali. Maganar Allah ba ta bar mu cikin duhu a kan wannan al'amari ba.

Allah ne ya ce ya saya

Ka buɗe Irmiya sura 32. A shekara ta 10 ta sarautar Zedekiya ne. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kansa yana tsare a farfajiyar masu gadi ta fadar sarki. A nan maganar Ubangiji ta zo masa cewa Hanamel, ɗan baffansa Shallum, zai zo ya yi masa tayin gonarsa da ke Anatot. Ba a daɗe ba sai ga Hanamel da zancen gonar, daidai yadda aka faɗa. Irmiya ya tabbata wannan daga Ubangiji ne.

Ka tsaya ka duba yadda cinikin nan yake. Mai saye annabi ne. Allah ya yi magana tun kafin mai sayarwa ya iso. Mai sayarwar kuma jininsa ne, ɗan gidansu. In da akwai cinikin da za a ce ba ya bukatar takarda, to, wannan ne. Amma me annabin ya yi? Ya auna azurfa shekel 17 a kan ma'auni. Ya rubuta takardar ciniki, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya kira shaidu. Takardar ma biyu ce: ɗaya a rufe da hatimi, ɗaya a buɗe don mai son dubawa. Ya miƙa su ga Baruk ɗan Neriya a gaban Hanamel, da shaidun, da dukan mutanen da ke zaune a farfajiyar. Ya umarta a sa su cikin tulun yumɓu don su daɗe ba su lalace ba, kuma aya ta 14 ta nuna cewa wannan umarni daga bakin Ubangiji Mai Runduna ya fito. Sai da aka gama duk wannan, sannan Irmiya ya shiga doguwar addu'arsa.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, Allah da ya ce a sayi gonar, shi ne ya ce a adana takardun. Bangaskiya da bincike ba kishiyoyi ba ne, gida ɗaya suka fito. Wanda ya ce, "Ai na yi addu'a, Ruhu ya ba ni salama, me zan yi da lauya?" yana so ya fi Irmiya ruhaniya ne. Ka zuba mai a kusurwoyi huɗu na fili, ka yi masa addu'a da harsuna, duk yana da kyau. Amma in filin nan an riga an sayar wa wani bara, man da ka zuba a filin wani ka zuba shi.

Dillanci sana'a ce mai daraja

Kada wani ya ji wannan ya ce dillalai duk ɓarayi ne. Ba haka ba ne. Ko babanmu Ibrahim ya nemi masu shiga tsakani. Da Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127, Ibrahim baƙo ne a ƙasar, ba shi da ko taƙin ƙasa da zai binne ta. Ya san wurin da yake so, wato kogon Makfela, ya kuma san na Efron ɗan Zohar ne. Sai ya roƙi Hittiyawan garin su yi masa magana da Efron. Wannan shi ne aikin dillali na gari: ya haɗa mai nema da mai shi, fuska da fuska.

Dubi yadda cinikin ya tafi. A ƙofar gari aka yi shi, a kunnen kowa. Efron ya ce ya ba shi kyauta, Ibrahim ya rusuna ya ƙi, ya ce sai ya biya cikakken kuɗi. Ya auna shekel 400 na azurfa da ma'aunin da fatake suka yarda da shi. Aka lissafta abin da ya saya dalla-dalla: saurar, da kogon, da kowane itace da ke cikin iyakarta. Shi ya sa bayan shekaru masu yawa aka binne Ishaku da Rifkatu da Lai'atu da Yakubu a wurin, ba wanda ya tashi ya ce filin kakansa ne. Abin da aka saya a fili, jikoki sukan ci moriyarsa cikin kwanciyar rai.

Akwai wani abu kuma a nan. Hittiyawan nan ba masu bin Allahn Ibrahim ba ne, amma ya girmama su, ya yi ciniki mai tsabta da su. A garuruwanmu kamar Kaduna da Jos, inda rikice-rikicen baya suka sa mutane suka koma zama unguwa-unguwa bisa ga addini, yana da sauƙi mutum ya ce, "Ni dai namu zan nema." Neman naka ba laifi ba ne. Sai dai ka sani, dillalin da ba addininku ɗaya ba amma unguwa duka ta shaide shi da gaskiya, ya fi maka wanda kuke zama benci ɗaya ran Lahadi amma ba wanda ya san inda ya taɓa sayar da ko shago.

Gurasar Gibeyonawa

A Joshuwa sura 9, mutanen Gibeyon sun zo wurin Isra'ila da tsofaffin buhuna, da salkunan ruwan inabi masu faci, da takalma da suka sha ɗinki, da busasshiyar gurasa mai funfuna. Suka ce daga ƙasa mai nisa suka fito, kuma sunan Ubangiji ne ya kawo su, don sun ji abin da ya yi a Masar. Shugabannin Isra'ila suka duba guzurin, ba su nemi shawarar Ubangiji ba, suka rantse musu. Bayan kwana uku kacal aka gane maƙwabta ne na kusa. Rantsuwa kuwa ta riga ta ɗaure su.

Ka lura da makamin da Gibeyonawa suka yi amfani da shi: sunan Ubangiji. Sun san abin da kunnen Isra'ila yake so ya ji. Haka mazambacin yau ya san yarenmu. Zai gaishe ka da "Salama, ɗan'uwa." Waƙar yabo ce take tashi in an kira wayarsa. Zai ce tun da ya gan ka ruhunsa ya gaya masa gidan nan naka ne. Zai nuna maka hoton takarda a waya, da hatimi ja a ƙasa. Wannan duk gurasa ce mai funfuna: kana iya gani, kana iya taɓawa, amma shi ya shirya ta domin idonka.

Shugabannin Isra'ila sun yi kuskure biyu. Ba su tambayi Allah ba, ba su kuma aika ko mutum ɗaya ya bi sawun baƙin nan ba, alhali tafiyar kwana uku za ta tona asirin. Manzo Yahaya ya gargaɗe mu a wasiƙarsa ta fari, sura 4, kada mu gaskata kowane ruhu sai mun gwada. Karin Magana 14:15 kuma ta bambanta marar wayo, wanda kowace magana yake haɗiyewa, da mai hankali, wanda yake duba inda zai sa ƙafa. In an umarce mu mu gwada masu annabci, balle mai nuna gida?

Ma'aunin Yetro

To, da me za a gwada? Sa'ad da Yetro ya ga surukinsa Musa yana neman faɗuwa saboda yawan shari'a, ya ba shi shawarar irin mutanen da zai ɗora wa amana. A Fitowa 18:21 ya ambaci hali huɗu: su iya aikin, su ji tsoron Allah, su zama masu gaskiya, su ƙi ƙazamar riba. Ka ɗauki ma'aunin nan ka auna duk wanda zai tsaya tsakaninka da gidanka.

Na fari, ya iya aikin. Kirki kaɗai ba ya isa. Mutum yana iya zama mai tsarkin zuciya ya kai ka ga asara don bai san doka ba. A Najeriya, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a. Abin da mutum yake riƙewa shi ne haƙƙin zama, kuma takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O yawanci ta shekara 99 ce ga gidan zama. Wanda yake da irin wannan takarda ba zai mayar da haƙƙinsa ga wani yadda doka ta yarda ba sai da amincewar gwamna. A Abuja kuwa Ministan Babban Birnin Tarayya ne yake riƙe da wannan iko. Ka tambayi dillalin: wace takarda gidan nan yake da ita? Da sunan wa? In takardar mai unguwa ce ko ta hakimi kaɗai, ya gaya maka haka, ya kuma gaya maka abin da ya rage kafin gwamnati ta san da kai. Wanda ya ce "Takardu ba matsala, duk daga baya ne," ko dai bai sani ba, ko ba ya so ka sani.

Akwai ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye waɗanda hukumar ESVARBON, da aka kafa da dokar 1975, take yi wa rajista, kuma suna da ƙungiyarsu, NIESV. Irin waɗannan suna da ofis, da lambar rajista, da hukumar da za ka kai ƙara in sun cuce ka. Yawancin dillalan unguwa ba su cikin wannan, kuma da yawansu mutanen kirki ne. Amma ko wanne ka zaɓa, ya zama mai wurin zama sananne. Wanda ofishinsa lambar waya ce kawai, ran da wayar ta mutu ofishin ya rufe ke nan.

Na biyu, ya ji tsoron Allah. Ba a gane wannan da yawan "Halleluya". Ana gane shi a wurin da gaskiya za ta rage wa mutum riba. Mai tsoron Allah zai ce maka, "Gidan yana da kyau, amma in an yi ruwan Agusta sai an naɗe wando kafin a shiga layin." Zai ce, "Bangon baya ya taɓa tsagewa, shafe aka yi." Zai gaya maka in gidan yana ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko ya ci hanya, ko yana bakin rafi inda hukumar tsara birni za ta iya zuwa da jan fenti. Ka tambaye shi kai tsaye: "Mene ne aibin gidan nan?" Babu gidan da ba shi da aibi. In ya ce babu ko ɗaya, ka samu amsarka game da shi kansa.

Na uku, ya zama mai gaskiya wanda aka shaida. Hali zanen dutse ne. Sa'ad da Ibrahim zai aika a nemo wa Ishaku mata, babban baransa ya aika, wanda ya daɗe yana riƙe da dukan dukiyarsa. Ya gwada shi a kan raƙuma da tumaki shekara da shekaru kafin ya ɗora masa zancen zuriya. Yesu ma ya koyar a Luka 16:10 cewa a ƙaramin abu ake gane wanda zai riƙe babba. Saboda haka ka ce wa dillalin ya nuna maka mutum biyu ko uku da suka sayi gida ta hannunsa, shekara biyu ko fiye da suka wuce. Ka je ka gaishe su ba tare da shi ba. Ka tambayi mai unguwa. Ka tambayi mai shagon bakin layi, da mai wankin hula, da matan da ke ɗiban ruwa. Sukan san abin da takarda ba ta faɗa ba. Matambayi ba ya ɓata. Ka kuma lura da ƙananan abubuwa: ya ce ƙarfe goma, ya zo? Kuɗin da ya faɗa ran Litinin, shi ne ran Alhamis?

Na huɗu, ya ƙi ƙazamar riba. La'ada haƙƙin dillali ce, ba a jayayya a kai. A wurare da yawa akan ɗauki kashi 5 cikin 100 a cinikin saye, kashi 10 a haya, wani wuri kuma yadda aka daidaita. Ku yanke ta tun farko, ku rubuta, a san wanda zai biya: mai saye, ko mai sayarwa, ko dukansu. Ƙazamar riba ita ce wadda ake ɓoyewa. Mai gida ya ce miliyan 15, dillali ya gaya maka 18, ya ci uku a ɓoye, ya kuma miƙo hannu a ba shi la'ada. Wani lokaci dillalai huɗu ne a jere, kowa ya ɗora nasa, na ƙarshen bai taɓa ganin mai gidan ba. Wannan ruhun Gehazi ne, baran Elisha, wanda ya bi Na'aman a guje da saƙon da ubangidansa bai aike shi ba, ya karɓi talanti biyu na azurfa da riguna biyu ya ɓoye a ɗaki. Alamar Gehazi ɗaya ce a kowane zamani: ba ya so ubangida da baƙo su sake haɗuwa. Dillalin da yake ta kawo dalili don kada ka ga mai gida, yau ya yi tafiya, gobe ba shi da lafiya, jibi ba ya son a dame shi, ka sallame shi da alheri ka kama hanyarka.

Abin da ba za ka bar wa dillali ba

Ko ka samu dillalin da ya cika ma'aunin nan huɗu, akwai nauyin da yake naka. Irmiya bai ce wa Hanamel ya auna azurfar da kansa ya kawo labari ba.

Ka ga mai gidan da idonka, ka ga shaidar cewa shi ne mai sunan da ke takarda. Ba a cinikin biri a sama. Rubutun nan da muke gani a bangon gidaje a birane, cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, masu gida ne suka rubuta don an sha sayar da gidajen mutane suna ciki ko suna tafiya.

In gidan gado ne, ka ninka hankali. Ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da abin da yake na magada duka. A zauna da su gaba ɗaya, a ga takardar kotu da ta nuna wanda aka ba ikon kula da gadon ko yadda aka raba shi. Ka tambaya musamman ko gwauruwar marigayin ta sani, ta kuma yarda. Allah ya kira kansa mai kāre gwauraye da uban marayu. Kada arha ta sa ka gina bagaden iyalinka a kan hawayen marayu.

Ka ɗauki lauya naka na kanka, wanda ba dillali ne ya kawo shi ba, ba kuma na mai sayarwa ba. Ubangiji ya ce bawa ba ya iya bauta wa iyayengiji biyu. Lauyan ya je ofishin filaye ya bincika: KADGIS in a Kaduna ne, PLAGIS a Filato, AGIS a Abuja, sauran jihohi ma kowacce da nata. A can ake ganin sunan da ke fayil, da ko an jinginar da gidan a banki, da ko gwamnati ta karɓe wurin don wani aiki. Ka kira safiyo ya auna, ya tabbatar iyakar da ke ƙasa ita ce ke takarda. Kuɗin lauya da safiyo ba su kai komai ba in aka gwada da kuɗin gida. Rigakafi ya fi magani.

Ka je ka ga wurin fiye da sau ɗaya: da rana, da dare, in da hali kuma bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. Filin da ya yi kyau a watan Fabrairu yana iya zama tafki a watan Agusta.

Ka biya ta banki, cikin asusun mai sunan da ke takarda, bayan an sa hannu a gaban shaidu. Ko kafin alƙalami ne, a rubuta nawa ne, da abin da zai faru da shi in ciniki ya fasa. Ka ajiye takardunka a wurin da ruwa da wuta da gara ba za su kai ba, ka yi kwafi ka ba amintacce. Wannan shi ne tulun yumɓunka. Kai maigida, matarka ta san inda takardun suke da abin da aka rubuta a ciki. Mata da yawa sun rasa gidan da suka taya ginawa don miji ya yi komai shi kaɗai, ya tafi bai faɗa ba.

Kada kuma ka yarda a kore ka da gudu. "Wani alhaji zai kawo kuɗi gobe da safe, in ba ka ajiye wani abu yau ba shi ke nan." Wannan tsohuwar waƙa ce. Sauri ya haifi nawa. Gidan da Allah ya ajiye maka ba zai gudu don ka ɗauki mako biyu kana addu'a da bincike ba. In ya gudu, ba naka ba ne, ka yi godiya.

Ga mai saye, ga dillali

Ma'aunin nan yana auna mu ma. Akwai masu bi da dillali zai sha rana da su mako uku, ya ƙona mansa, ya nuna musu gida, sai su zagaya da dare su sami mai gidan su gama ciniki don kada su biya la'ada, ran Lahadi kuma su fito ba da shaida. Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikaci da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji. Kada ka shiga sabon gida da wannan kuka a bayanka. Kada kuma ka roƙi a rubuta farashin ƙarya a takarda don ka rage abin da za ka biya hukuma. Hananiya da Safiratu a kan kuɗin fili suka yi ƙarya, ka san ƙarshensu.

Kai kuma ɗan'uwa da dillanci ne abincinka, Allah ya sa ka a wuri mai girma. Mutane suna sa rayuwarsu a tafin hannunka. Idan ɗan'uwa ya ce zai kawo lauya, kada ka ce bai yarda da kai ba ne. Ka ce masa, "Madalla, kawo shi." Mai gaskiya ba ya tsoron fitila. Takarda tana kāre ka kamar yadda take kāre shi, tana kuma kāre zumuncin ikilisiya. Bulus ya yi baƙin ciki da ya ji 'yan'uwa a Koranti suna kai juna ƙara a gaban marasa bi. Yawancin irin wannan ƙara daga "ai mu 'yan'uwa ne, ba sai an rubuta ba" take farawa. La'ada kaɗan mai tsabta za ta kawo maka abokan ciniki har 'ya'yansu. Miliyan ɗin da ka ɓoye ba zai kai shekara ba.

Matsakancin da ba ya cuta

Duk gidan da za mu saya a duniyar nan, ko takardarsa ta ce shekara 99, wata rana za a fitar da mu daga cikinsa a kafaɗa. Ibrahim da aka yi wa alkawarin ƙasar duka, abin da ya saya da kuɗinsa wurin kabari ne, domin yana sauraron birni wanda Allah ne maginin sa. Akwai Matsakanci ɗaya tsakanin Allah da mutane, Yesu Almasihu. Bai ɗora riba a kanmu ba, shi ya biya kuɗin da jininsa. Bai ɓoye mana Mai gida ba, ya zo ne don ya kai mu wurin Uba. Ya yi alkawari a Yahaya sura 14 cewa ya tafi shirya mana wuri. Har kafin alƙalami ya bayar: Afisawa 1:13-14 ta nuna Ruhu Mai Tsarki shi ne hatimin da aka buga mana, shi ne kuma tabbacin gādonmu. Allah kansa, da ba ya ƙarya, ya buga hatimi ya ba da shaida. In har yanzu ba ka ba da ranka ga wannan Matsakanci ba, ka fara da wannan ciniki yau kafin kowane.

Mu yi addu'a

Ya Uba, na gode domin kai ne mai ba da ikon samun dukiya, kai ne kuma mai zaunar da marasa gida.

Ka ba ni ruhun rarrabewa. Duk mai zuwa da sunanka a baki da yaudara a zuciya, ka tona shi kafin in sa hannu, cikin sunan Yesu.

Ka haɗa ni da mutum mai iya aiki, mai tsoronka, mai gaskiya, mai ƙin ƙazamar riba.

Ka cire mini gaggawa da kwaɗayin arha. Ka ba ni haƙurin tambaya da tawali'un karɓar shawara.

Ka tsare hannuna daga haƙƙin gwauruwa, da na maraya, da na ma'aikaci.

Ka albarkaci 'yan'uwanmu masu sana'ar dillanci, ka sa gaskiyarsu ta zama wa'azi a kasuwa.

Ka ta'azantar da waɗanda aka riga aka cuta, ka bi musu haƙƙinsu, ka mayar musu da shekarun da fara ta cinye.

Furci: Gumina ba zai zama abincin mazambaci ba. Zan yi addu'a, zan yi bincike, zan rubuta, zan kira shaidu. Ni da gidana za mu zauna lafiya a wurin da Ubangiji ya ba mu, mu bauta masa a can. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Abin yi a wannan mako: In kana neman gida ko fili, ka rubuta sunan dillalin da kake magana da shi, ka ɗora shi a kan hali huɗu na Fitowa 18:21, ka je ka ga mutum biyu da suka taɓa saye ta hannunsa. In ka riga ka saya, ka fito da takardunka yau, ku duba su kai da matarka ko mijinki, ku ga abin da ya rage a gyara.